Gyaran zoben da ya kauce wa wurinsa a filafilin da aka ɗinka a gida

Wani ɗan'uwa ya aiko da tambaya a kan filafilin da ya ɗinka wa ƙaramin kwalekwalensa da hannunsa, wato ƙyallen nan da ake ɗaurawa a jigo domin iska ta tura jirgi. Ya ce filafilin mai kusurwa huɗu ne, da yadin foliyesta ya yi shi, girmansa ya kai kamar murabba'in mita 5. Da ya zo buga zoben tagulla a kusurwar baya ta ƙasa, inda igiyar sarrafa filafilin take kamawa, sai mahujin ya kauce da kamar santimita 2 daga alamar da ya yi, zoben ya sauka dab da baki, har yadin da ya rage tsakanin zoben da bakin bai wuce rabin santimita ba. Yana so ya san ko zai iya buga wani zoben a gefen wannan, ko sai ya cire shi tukuna, ko kuma filafilin ya riga ya lalace.

Malam, filafilinka bai lalace ba, kuma gyaran ba zai ci maka fiye da yini guda ba. Sai dai kafin ka ɗauki guduma ina so ka sauya yadda kake kallon matsalar. Hankalinka yana kan zoben ne domin shi ido yake gani, alhali zoben ba shi ne yake ɗaukar nauyi ba. Aikinsa shi ne ya hana igiya cin yadi, ya kuma rarraba jan igiyar a kan zaruruwan da suke kewaye da ramin. Yadin da yake kewaye da shi ne yake ɗaukar nauyin, saboda haka abin da ka ɓata a zahiri shi ne zaruruwan da mahuji ya yanke a wurin da ake bukatarsu lafiyayyu, kuma su ne gyaran zai mayar. Wanda ya fahimci wannan ba zai yi gaggawar huda rami na biyu ba.

Ba kowane zobe ne ya cancanci a wahala a kansa ba. Ƙananan zobban da ake jerawa a gefen sama domin a zarga siririyar igiya a ɗaure filafili a jikin sanda suna raba nauyin ne a tsakaninsu, kowanne yana ɗaukar kaɗan, don haka idan ɗaya ya matsa gaba ko baya da santimita 2 a kan layinsu, ni dai barinsa nake yi, domin babu abin da zai canza sai kyan gani. Idan kuma ya kauce sosai har ba ya amfanuwa, sau da yawa ya fi kyau a bar shi a zaune a matsayin marufin ramin da aka riga aka huda, a buga wani a inda ya dace, muddin akwai lafiyayyen yadi tsakaninsu da ya kai aƙalla faɗin rami biyu. Zoben da yake zaune daram ba ya barin ramin ya ci gaba da yagewa, cire shi kuwa yana iya jawo ɓarnar da ta fi ta farko. Akwai wuri ɗaya a tsakiyar filafili da nake ja wa mutane kunne a kai, wato jerin ƙananan ramukan da ake ɗaure ragowar yadi da su idan an rage girman filafili saboda iska ta yi ƙarfi. Ana sa su ne ɗan ƙasa da layin da ya haɗa manyan zobban ragewa biyu na gefe da gefe, domin kada nauyi ya hau kansu. Idan ɗaya ya hau sama da wannan layi, to shi zai karɓi jan da ba a tanadar masa ba, kuma daga nan yaga take farawa. Irin wannan ba a barinsa a kan aiki.

Naka kuwa yana cikin wuraren da suka fi ko'ina shan wahala a jikin filafili. Ƙarfin da iska take bugun yadi da shi ba ya ƙaruwa daidai da gudunta, yana ƙaruwa ne da gudun sau kansa, ma'ana idan gudun iska ya ninka biyu, bugunta ya ninka huɗu. Iskar da take gudun mita 10 a daƙiƙa tana danna kowane murabba'in mita da nauyin da ya kai kamar kilo 6, wato kamar kilo 30 ke nan a kan filafilinka, kuma wannan nauyi yana taruwa ne a kusurwoyi. Ga shi kuma ba a hankali yake zuwa ba, domin duk lokacin da jirgi ya juya, filafilin ya yi kaɗawa sannan ya cika da iska farat ɗaya, fizgar da kusurwar baya take sha ta fi wannan lissafi nesa ba kusa ba. Rabin santimita na yadi ba zai jure wannan ba. Ranar da zai yage kuwa ita ce ranar da iska ta yi ƙarfi, lokacin da ka fi bukatar igiyar ta riƙe.

Buga sabo a gefen tsohon ma ba mafita ba ce, kuma lissafin a fili yake. Zobe mai lamba 2, wanda aka fi sawa a ƙananan filafilai, raminsa yana kusan santimita 1, faɗinsa duka da leɓensa kuma yana kusan santimita 2. Idan tsakiyar sabon tana nesa da tsakiyar tsohon da santimita 2, leɓunansu za su taɓa juna, mazaunin da ake bugawa a kai ba zai samu wurin zama ba, yadin da zai rage tsakanin ramukan biyu kuma bai wuce santimita 1 ba. Abin da ya ƙara muni shi ne tsohon ramin yana tsakanin sabon zoben da baki, wato daidai ta wajen da igiya take ja. Kamar ka huda wa yagar hanyar da za ta bi ne tun kafin ta fara. Saboda haka a wannan hali dole tsohon ya fita, a sake gina kusurwar, sannan a huda.

Cire zoben shi ne matakin da aka fi yin ɓarna a cikinsa, garin neman gira a rasa ido. Ka juya filafilin ka dubi fuskar da bakin bututun zoben ya naɗe a kan wosha, wato faifai mai rami da yake ɗaya rabin zoben, domin ta nan ake kwance shi. Ka samu ƙaramar filaya mai yanka, ka cije naɗaɗɗen bakin a wuri uku ko huɗu, sannan ka sa siririn sukuddireba ka riƙa lanƙwasa kowane yanki zuwa cikin ramin, ba waje ba, har woshar ta saki. Kafin ka fara, ka zura guntun kwali mai tauri ko siririn falle na gwangwani a kan yadin kusa da zoben, domin idan sukuddireban ya zame ya sauka a kansa. Idan zoben mai haƙora ne, wato wanda wosharsa take da ƙananan tsini da suke nutsewa cikin yadi, ka ɗaga ta sama a miƙe, kada ka murɗa, domin murɗawar tana sa haƙoran su yanka da'ira a jikin yadin. Wasu suna cinye bakin bututun da injin huda, kuma yana yiwuwa, amma ban cika so ba. Na taɓa gwada hakan a kan wani filafili nawa, bakin injin ya kama zoben ya juya shi da gudu, tagullar ta yi zafi, kafin in ɗaga yatsa ta narkar da yadin ta bar ramin da ya ninka na farko. Tun daga ranar filaya nake sawa, ko da za ta ci mini minti ashirin.

Bayan zoben ya fita, ka ɗaga wurin ka duba shi a hasken rana. Za ka ga zoben ya bar shaidar da'ira inda leɓensa ya matse zaruruwa, wani lokaci ma ya yanke wasu. Duk zaren da ya tsinke ka datse shi da almakashi, sannan ka zagaya bakin ramin da tsinin ƙarfe mai zafi, irin na solda ko ƙusar da aka ɗora a wuta, domin foliyesta yana narkewa ya manne bakinsa ya daina warwarewa. Taɓawa kaɗan ta isa, idan ka daɗe sai bakin ya yi tauri kamar gilashi ya riƙa karyewa. Wanda filafilinsa na auduga ne ba zai yi haka ba, tunda auduga ƙonewa take yi, sai dai ya kama bakin ramin da ɗinkin hannu. Daga nan ka yanka ƙananan da'irori daga ragowar yadinka daidai girman ramin, adadin fallayen da suke wurin, ka cike gurbin da su. Ba su da wani ƙarfi, amfaninsu shi ne kaurin wurin ya zama ɗaya, domin idan sabon zoben ya zauna rabinsa a kan kauri rabinsa a kan gurbi, zai karkace ya kasa kamawa.

Yanzu sai facin, wanda shi ne ainihin gyaran, kuma a nan nake so ka fi kashe lokaci. Da irin yadin da ka yi filafilin za ka yi shi, nauyi ɗaya, domin idan facin ya fi uwar yadin tauri sosai, ko ya fi shi talewa, ba za su raba nauyi ba, ɗaya ne zai ɗauka shi kaɗai. Abu na biyu, wanda masu koyo suka fi mantawa da shi, shi ne layin saƙa. Yadi ba ya talewa sosai idan an ja shi ta tsayen zare ko ta kwancensa, amma idan an ja shi a karkace yana miƙewa kamar roba. Ka gwada da guntun yadi a hannunka za ka ji bambancin nan take. Don haka ka shimfiɗa facin yadda zaruruwansa za su bi na filafilin sau da ƙafa, musamman zaren da yake tafiya tare da gefen baya, domin ta nan mafi yawan nauyin kusurwar yake hawa. Facin da aka ɗora a karkace zai yi kyau a kan tebur, amma da iska ta cika filafilin sai ka ga ƙuraje da tamoji sun fito kewaye da shi.

Falle biyu a kowace fuska sun isa a kan abin da ka riga ka sa a kusurwar, kuma kada girmansu ya zama ɗaya. Ƙaramin ya wuce tsohon ramin da wurin sabon da aƙalla santimita 5 ta cikin filafilin, na samansa kuma ya wuce shi da santimita 2 ko 3, na ɗaya fuskar ma kada bakinsu ya faɗi a kan layin waɗannan. Dalilin shi ne idan duk fallayen suka ƙare a layi guda, kauri ya faɗo farat ɗaya daga falle bakwai zuwa falle ɗaya, wurin ya zama kamar gaɓa, a nan filafilin zai riƙa lanƙwasawa duk lokacin da ya kaɗa, kuma a nan zai karye bayan wani lokaci. Idan kaurin yana raguwa mataki-mataki, nauyin yana shiga jikin filafilin a hankali. Tunda tsohon ramin yana dab da baki, ya fi kyau babban fallen ya zama guda ɗaya da aka naɗo daga wannan fuska ya zagaye bakin zuwa waccan, ya rungume gefen da ya raunana. Idan akwai kalmasa ko igiya da ka ɗinka a bakin, ka farke ta kamar taƙi guda, ka shigar da facin, sannan ka mayar da ita yadda take. Ka yanka fallayen da wuƙa mai zafi domin bakinsu ya manne, ka kuma ɗan zagaye kusurwoyinsu na ciki, tunda kusurwa mai tsini ce take fara ɗagowa.

Kafin ɗinki, ka shimfiɗa kusurwar a kan katako mai laushin fuska, ka miƙe ta ba tare da ka ja ta ba, ka manna fallayen da salatif mai gam fuska biyu. Kada ka yi amfani da fil, domin yadin filafili mai tauri ne, fil yana tattara shi yana kuma barin huji. Wannan shimfiɗawa tana da muhimmancin da ya wuce kyan gani, domin idan ka ɗinka facin alhali gefen baya yana a takure, gefen zai lanƙwaso ya riƙe iska kamar ƙugiya ya rage wa jirgin gudu, idan kuma ka tale shi zai riƙa kaɗawa yana ƙara kamar tuta. Kada salatif ɗin ya bi ta daidai inda allura za ta ratsa idan da hali, saboda gam yana manne wa allura ya sa zare ya riƙa tsinkewa. Idan ya manne, ka goge allurar da auduga da sifirit.

Zaren ya zama na foliyesta wanda aka yi domin zama a rana, irin wanda ake kira V-69, da allura mai lamba 16 ko 18. Zaren auduga yana ruɓewa idan ya sha ruwa, na nailan kuma yana talewa, rana ma tana cinye shi da wuri. Ɗinkin zigzag ake yi wa filafili domin yana talewa tare da yadin ba tare da ya tsinke ba, kuma hujin allurarsa ba sa jeruwa a layi guda. Idan kekenka miƙaƙƙen ɗinki kaɗai yake yi, ka buɗe takunsa ya kai milimita 4 ko 5, ka yi layi biyu a kowane baki da tazarar rabin santimita a tsakaninsu. Masu koyo suna zaton ɗinkin da ya fi matsewa ya fi ƙarfi, alhali a yadin filafili huji masu yawa a jere suna mayar da shi kamar takardar rasit da aka huhhuda domin a yage ta cikin sauƙi. Saboda wannan dalilin ne ma nake hana a yi ta kai da komo da keke a kan tsohon ramin da sunan ana cike shi. Ka ɗinke bakin kowane falle, ka ƙara layi biyu ko uku da suka taso daga kusurwar suka bazu cikin filafilin kamar yatsun hannu, ka tsaya a nan. Ka bar wurin da sabon zoben zai zauna babu ɗinki, domin mahuji zai yanke duk zaren da ya tarar. Inda kaurin ya fi ƙarfin keken gida, ka juya ƙafarsa da hannu taku ɗaya-ɗaya, idan ya ƙi kuma ka koma ɗinkin hannu da zare mai kakin zuma, kana fara huda hanyar allurar da basilla.

Sai alamar sabon rami. Ina kyautata zaton abin da ya same ka shi ne ka ɗiga ɗigo ɗaya da fensir, da ka ɗora mahujin ya rufe ɗigon, ka buga bisa zato. Maganin wannan shi ne ka ja layi biyu da suka gitta juna a kan wurin, kowanne tsawonsa ya kai santimita 6, yadda ko mahujin ya zauna za ka riƙa ganin hannuwan gicciyen huɗu suna fitowa daga ƙarƙashinsa. Ka ɗora zoben a kan alamar tukuna ka duba da ido cewa leɓensa ya bar aƙalla santimita 1 da rabi na yadi zuwa kowane baki, kuma bai hau kan kalmasa ba. Mahujin ya zama mai kaifi, ya kuma ɗan fi bututun zoben ƙanƙanta, yadda sai ka danna kafin bututun ya shiga, domin ramin da ya yi wa zobe yawa ba ya barinsa ya kama komai. A kan kututturen katako ake hudawa, ta fuskar da aka yanke shi, ba a kan ƙarfe ko siminti ba.

Game da zoben kansa, a kusurwa mai haƙora ake sawa, domin na wosha sumul, irin na tamfol, matse yadi kawai yake yi, yana iya zamewa idan ja ya yi yawa. Mai haƙora yana da nasa mazaunin da nasa abin bugu, na ɗayan ba ya yi masa ko da lambarsu ɗaya. Ka kuma tabbata tagulla ce ta gaske, domin akwai na baƙin ƙarfe da aka yi wa wankan ruwan tagulla, wanda yake tsatsa ya ci yadin, musamman a ruwan gishiri. Ka kai masa maganaɗisu, idan ya kama to ba tagulla ba ce. Wani abin lura shi ne facin ya ƙara wa kusurwar kauri, saboda haka bututun zoben da ya isa a da zai iya gazawa yanzu. Ya kamata bayan ka sa wosha bututun ya leƙo da abin da zai naɗe a kanta sosai. Idan bai leƙo ba ka hau zuwa lamba ta gaba. Ka haɗa guntayen yadi masu yawan fallayen kusurwarka ka gwada bugu ɗaya ko biyu a kansu kafin ka taɓa filafilin. Wajen bugun, mazaunin ya zauna a kan daɓe mai tauri, ba tebur mai rawa ba, ka yi bugu matsakaici sau da yawa kana ɗan juya abin bugun, maimakon mugun bugu ɗaya da yake tsaga bututu ko ya sa leɓen zoben ya yanke yadin. Idan ka gama, ka kama zoben da yatsu ka gwada juya shi. Wanda ya zauna daidai ba ya motsi, bakinsa kuma ya naɗe sumul ba tsagewar da za ta ci igiya.

Akwai wata hanyar da ni na fi so idan kusurwa ta riga ta sha huji, ko kuma ba ka da kayan bugun mai haƙora, wato a rabu da huda rami gaba ɗaya. Bayan ka yi facin, sai ka datse tsinin kusurwar tare da tsohon ramin, ka rufe bakin da ka yanka da naɗin yadi, ka ajiye zoben ƙarfe marar tsatsa a gurbin, ka zarga masa bel ɗin saƙa na foliyesta mai faɗin santimita 2 da rabi guda biyu ko uku. Kowane bel yana bi ta cikin zoben, rabinsa ya kwanta a wannan fuska rabinsa a waccan, tsawon kowane rabi kamar santimita 15 zuwa 20, ɗaya ya bi gefen baya, ɗaya ya bi gefen ƙasa, na uku ya ratsa tsakiyarsu, sannan a ɗinke su tare da filafilin a tsakani. Da wannan tsari nauyin igiya ba ya taruwa a bakin rami, yana bin bel ɗin ya bazu a kan dogon ɗinki, kuma kai ne kake zaɓar inda zoben zai tsaya kafin ka ɗinka, idan bai yi ba ka farke ka matsa. Haka ake yi wa kusurwoyin manyan filafilai da yawa. Abin kiyayewa kawai shi ne bel ɗin kada ya zama irin na jakar makaranta mai ƙyalli, wanda rana take mayar da shi gari, kuma ƙarshen bel ɗin kada su tsaya a layi guda.

Da a ce kaucewar ba ta wuce milimita 3 ko 4 ba, kuma ta yi cikin filafilin ne maimakon baki, da sai in ce ka cire zoben ka sa wanda ya fi shi girma, yadda sabon ramin zai haɗiye tsohon. Haka kuma masu ɗinkin gargajiya suna ɗora zoben tagulla sumul a kan ramin su ɗinke shi da hannu zagaye da zare mai kaki, kowane taku yana fita nesa da bakin ramin, sannan su buga siririn bututu a ciki ya kare zaren daga cin igiya. Yana da ƙarfi ƙwarai domin kowane taku yana kama lafiyayyen yadi, amma shi ma yana bukatar fili kewaye da ramin, wanda kai ba ka da shi ta wajen baki.

Wanda ya yi nasa filafilin da tamfol na roba, dokar ɗaya ce amma kayan aikin sun bambanta. Yawancin gam ba ya kama jikin irin wannan tamfol, zafi kaɗan yana narkar da shi, hujin allura kuma yana raunana shi fiye da yadda yake raunana foliyesta. Ana goge wurin da sifirit, a manna fallayen da salatif mai ƙarfi mai gam fuska biyu, a ɗinka da taku mai faɗi ƙwarai, sannan ba a dogara da zobban da tamfol ɗin ya zo da su, domin sirara ne, an yi su ne don ɗaure rufi.

Idan ka gama, kada ka fara gwada shi a iska mai ƙarfi. Ka ɗaura filafilin a jigo a kan tudu, ka ja igiyar da iyakar ƙarfinka kana kallon kusurwar. Abin da ake so shi ne ƙananan tamoji su taso daga zoben su bazu ko'ina daidai wa daida, sannan su ɓace a cikin facin. Tamoji guda mai zurfi da ya tsaya a bakin facin yana nuna an takure wani gefe wajen ɗinki, kuma farke wannan layin a sake shi ya fi sauƙi yanzu. Amma idan ka ga doguwar tamoji ta ratsa filafilin daga kusurwar sama ta gaba zuwa wannan kusurwa da ka gyara, kada ka ɗora wa gyaran laifi, domin a filafili mai kusurwa huɗu wannan alama ce ta cewa ƙololuwar, wato kusurwar sama ta baya, ba ta sami isasshen ja ba, sai ka ƙara tsuke igiyar da take jan kusurwar gaba ta ƙasa, ko ka ƙara ɗaga ƙololuwar. Bayan fita ta farko a iska mai sauƙi, ka sake kama zoben da yatsu ka ji ko ya fara juyawa, ka duba ko hujin ɗinkin da suke kusa da shi sun fara tsawo ta wajen da ake ja. Idan ya ɗan saki, bugu biyu ko uku a kan mazauninsa sun isa su mayar da shi.